Neman shawara: ƙwallon besbol mai sa hannun Babe Ruth, na gaske ne ko jabu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani dillali a Amurka ya yi mini tayin tsohon ƙwallon besbol, ya ce shahararren ɗan wasan besbol Babe Ruth ne ya sa masa hannu a 1919, shekararsa ta ƙarshe a ƙungiyar Boston Red Sox. A hoton da ya turo, ɗinkin ja ne zalla, kuma akwai tambarin "William Harridge" a jiki. Yana neman kafin alƙalami. Me zan duba kafin in saki kuɗina?

Amsa ta farko:
Wa'alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna, ƙwallon da kansa ya ƙaryata dillalin. A wancan zamanin, ƙwallon gasar American League, wadda Red Sox ke bugawa a cikinta, yakan ɗauki sunan shugaban gasar na lokacin da aka yi shi. Ban Johnson ne shugaba daga 1901 zuwa 1927, sai Ernest Barnard zuwa 1931, sannan Harridge daga 1931 zuwa 1959. Ɗinkin ma ya tona asiri, domin kafin 1934 zaren ja da shuɗi ake haɗawa a wannan gasa. Ƙwallonka bai girmi 1934 ba.

An jingina shi da 1919 ne saboda a Disambar shekarar mai ƙungiyar, Harry Frazee, ya sayar da Ruth ga New York Yankees a kan dala 100,000. Kayan Ruth na zamanin Boston ba su da yawa, shi ya sa suke da tsada.

Amsa ta biyu:
Gaskiya ne, amma kada ka yi saurin cewa sa hannun ma jabu ne. Ruth ya rayu har Agustan 1948, kuma ya sa hannu a ƙwallaye masu tambarin Harridge da yawa. Nemi hoto na kusa ka duba tawadar. Alƙalamin tawada ake amfani da shi a lokacin, biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai ƙarshen 1945. Tsohuwar tawada takan shiga cikin fatar dokin da aka lulluɓe ƙwallon da ita, ta dusashe tare da ita. In ka ga rubutu baƙi wuluk a kan fatar da ta yi ruwan ƙasa, ko layi biyu a kan harafi ɗaya, to an bi ta kansa ne daga baya, kuma hakan yana karya daraja sosai. Sannan akwai waɗanda ma'aikatan ƙungiya suka sa wa hannu a madadinsa tun a zamanin: ƙwallon tsoho ne, tawadar tsohuwa, amma hannun ba nasa ba.

Amsa ta uku:
Takardar shaidar da dillali ya buga da kansa ba hujja ba ce. Ka ce ya kawo ta ɗaya daga kamfanonin tantance sa hannu, wato PSA/DNA, JSA ko Beckett, ka shigar da lambarta a shafinsu, ka tabbatar ƙwallon da aka bayyana shi ne naka. In babu, ku rubuta yarjejeniya cewa zai mayar da kuɗi idan binciken bai amince da shi ba. In ya ƙi, ka bar cinikin.

In ka saya, kada ka goge shi, kada ka shafa masa komai. Riƙe shi ta wajen ɗinki, ka ajiye a akwatin da ke tare hasken rana, nesa da taga da danshi.