Wa'adin tallafin PostgreSQL 14: in jira ƙarshensa ko in ƙaura tun yanzu?

Sabon Mai Kula:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Rumbun bayanan da nake kula da shi yana aiki ne a kan siga ta 14 ta PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, wanda tallafinsa zai ƙare a watan Nuwamba na 2026. Shugabannina suna ganin cewa tunda manhajar tana aiki lafiya, babu dalilin taɓa ta. Shin me yake faruwa idan wa'adin ya cika? Idan kuma ƙaura ta zama dole, gara in tsaya a siga ta 15 ko in tsallaka zuwa ta 17?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, Malam. Ranar da wa'adin ya cika manhajar ba za ta daina aiki ba, kuma wannan ne yake yaudarar mutane da yawa. Abin da zai tsaya shi ne gyare-gyaren da masu haɓaka ta suke fitarwa aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku, a Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Daga nan duk ɓarakar tsaron da aka gano za a toshe ta a sigogin da suke da sauran wa'adi, a bayyana ta ga duniya, naka rumbun kuwa ya ci gaba da zama a buɗe, alhali masu kutse sun riga sun karanta inda raunin yake.

Ka lura da yadda ake ƙirga wa'adin. Kowace babbar siga tana samun tallafin shekara 5 ne daga lokacin da aka fitar da ita, ba daga ranar da ka girka ta ba. Siga ta 15 ta fito a 2022, saboda haka tallafinta zai ƙare a Nuwamba 2027, wato za ka sha dukan wahalar ƙaura ne domin ribar shekara ɗaya tak. Ta 17 kuwa ta fito a Satumba 2024, za ta kai ka har Nuwamba 2029. Manhajar pg_upgrade, wadda ake mayar da rumbu zuwa sabuwar siga da ita, tana iya tsallake sigogi da dama a tafiya ɗaya, don haka ban ga hikimar yada zango a tsakiya ba.

Mai Gwaji:
Na yarda da Tsohon Hannu, sai dai tsallaken yana da sharaɗi. Wanda ya tashi daga 14 zuwa 17 ya gaji dukan sauye-sauyen da ke tsakani, ciki har da wanda aka yi a siga ta 15, inda aka janye wa masu amfani na gama-gari izinin ƙirƙirar tebura a sashen da ake kira public na sababbin rumbuna. Ka karanta bayanin fitowar kowace siga, ka tabbatar cewa ƙarin manhajoji irin su PostGIS, ta bayanan taswira, suna da sigar da ta dace, ka gwada komai a kan kwafin bayananka kafin ka taɓa na ainihi. Bayan ƙaurar ka gudanar da umarnin ANALYZE, wanda yake tattara ƙididdigar bayanan tebura, domin pg_upgrade na siga ta 17 ba ya kwaso ƙididdigar da ake tsara bincike da ita, kuma rashinta yana sa rumbun ya yi nauyi.

Malamar Rumbu:
Ɗan'uwa, abin da zai fi shawo kan shugabanninka shi ne lissafin kuɗi. Shekara 5 ɗin ba dokar dukan manhajojin rumbun bayanai ba ce: Microsoft yana ba SQL Server shekara 10, rabi na cikakken tallafi, rabi na gyaran tsaro kaɗai, yayin da Oracle yake ba sigar MySQL mai dogon zango, kamar 8.4 da ta fito a Afrilu 2024, shekara 8. Amma a ko'ina jinkiri yana da farashi. Amazon RDS, hidimar hayar rumbun bayanai ta kamfanin Amazon, alal misali, yana cajin ƙarin kuɗi ga wanda ya zauna a kan sigar da wa'adinta ya wuce, kuma wannan ƙarin wa'adin ma ba ya wuce shekara 3. Ka rubuta musu ranar ƙarewar wa'adin, ka cire watannin gwaji daga cikinta, sannan ka nemi su amince da ranar ƙaura a rubuce.