Dan Allah a ba ni shawara, tafiyar makaranta zuwa Hakone ta hana ni barci

Ɗan Gwarzo: Slm 'yan uwa. Wata na takwas kenan a Tokyo ina shirin fara mastas, farfesan da nake ƙarƙashinsa mutumin kirki ne wlh, shi ya nemo min ɗaki da na zo, har hita ya ba ni aro lokacin sanyi, to matsalar sau uku kenan suna fita cin abincin dare da ɗaliban lab ɗinmu ina ba da uzuri saboda giya, na ukun ma da na ce ba zan je ba shiru kawai ya yi, tun daga ranar gaisuwarmu ta ragu ko ni ne nake gani haka oho. Yanzu an shirya tafiya ta kwana ɗaya zuwa Hakone, wajen da ruwan zafi ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, na riga na biya kuɗina ban yi tambaya ba. Sai jiya wani ɗan Indonesiya yake faɗa min wai a onsen, wato wurin wankan ruwan zafin, tsirara ake shiga, maza gefensu mata gefensu, amma ko gajeren wando ba a yarda ba, ɗan tawul ɗin ma ba a sa shi cikin ruwa, a ka ake ɗorawa. Ni ban taɓa tuɓewa gaban ko ƙanina ba. In na sake ƙi karo na huɗu kenan. Ya zan yi?

Ustaz: Wslm. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, a Kano haka take a Tokyo ma haka take. Kuma ba taka kaɗai ba, ta mutane ma za ka gani. Ka haƙura da kuɗin ka zauna ɗakinka.

Injiniya: Haba Ustaz, wa ya ce masa dole ne? Shekara shida na yi a Japan, Hakone sau huɗu na je. Ƙanina saurara. Ka je. Daga tashar Shinjuku a Tokyo awa ɗaya da rabi ne a jirgin Romancecar zuwa Hakone-Yumoto. Wankan awa ɗaya ne cikin tafiyar gaba ɗaya, babu mai ɗaukar suna a bakin ƙofa. Ka tambayi masaukin ko suna da kashikiri, wato ɗakin wanka da za ka kama kai kaɗai ka kulle ƙofa, kuɗi kaɗan za ka ƙara. In babu akwai ashiyu, ƙafa kawai ake tsomawa kana cikin kayanka. Abin da ya kamata ka damu da shi abincin dare ne, a sanar da su tun yanzu ba alade ba giya, don har miyarsu suna zuba mirin da sake, wato giyar shinkafa. Ni kifi da shinkafa na ci lafiya lau.

Ɗan Gwarzo: Yaya na gode, amma ni ba zan iya zuwa in ce wa farfesa a ware min wanka ba, kamar ina cewa su ƙazamai ne.

Injiniya: Ba shi za ka faɗa wa ba, ɗalibin da ke haɗa tafiyar za ka samu. Kai matsalarka kunya ce ba addini ba.

Uwar Biyu: Allah sarki yaro, kai har kana tunanin al'aurarka. Nawa yana Saifurus shekara biyu, in ba kuɗi ya ƙare ba ba ya kira, ranar nan hotonsa na gani a Facebook a bakin teku ba riga, mahaifinsa kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Allah ya shirya mana zuri'a. Ka kira mahaifiyarka ka ji me za ta ce.

Ɗan Gwarzo: Amin Mama. Hajiya in na faɗa mata cewa za ta yi in dawo gida, dama da ƙyar ta bar ni saboda asmata.

Nas Hauwa: Tsaya, asma gare ka? Shi ne ba ka faɗa tun farko ba? A tsarin tafiyar akwai Owakudani? Wajen nan dutse mai aman wuta ne da ransa, a 2015 sai da ya yi ɗan ƙaramin aman aka rufe wajen, a 2019 ma an sake rufewa. Hayaƙin farar wuta ne ke tashi daga ƙasa, su kansu masu motar igiyar da ke hawa da mutane can suna gargaɗin masu asma da ciwon zuciya kada su hau. Ku bar zancen tawul, wannan shi ne magana.

Ɗan Gwarzo: Akwai Anti, can za a ci ƙwan nan da ɓawonsa ke komawa baƙi in an dafa a ruwan dutsen, su a al'adarsu wai ɗaya yana ƙara shekara bakwai. Amma asmar ta yi sauƙi sosai, rabon da ta tashi tun hunturun bara, kuma inhela tana jakata kullum.

Nas Hauwa: Hunturun bara ai jiya ne. Ka ga likitan makarantarku kafin ranar.

Injiniya: Wari ne kawai kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ni minti arba'in na yi a wajen ina ɗaukar hoton dutsen Fuji ban ko yi tari ba. In an ga hayaƙin ya yi yawa su da kansu suke tsayar da motar igiyar. Kada ku tsorata yaro.

Nas Hauwa: Kai kana da asma ne Injiniya?

Bauchi Ikon Allah: Ni duk wannan wahala ban gane ba, ga Wikki a Yankari ruwa garai-garai ɗuminsa digiri 31 rani da damina, da wandonka za ka shiga ba mai ce maka kanzil. Mu dai ba mu san darajar namu ba, hanyar ma da za a gyara an bar ta.

Ustaz: To ga uzuri Allah ya kawo maka, ka ce ba ka da lafiya, kuma ba ƙarya ka yi ba.

Ɗan Gwarzo: Malam ban rubuta asma a takardun da na cike musu ba lokacin da na zo, tsoro na ji kada a hana ni gurbin. In na fito da ita yanzu me zan ce? Kuma ni wlh ina so in je, wata takwas daga ɗaki sai lab sai kanti, ko mutum ɗaya ban da shi da zan ce abokina ne a can.

Injiniya: Shi ya sa na ce ka je. Ka zauna a Sounzan, tashar da ake shiga motar igiyar, su hau su dawo, ko ka zagaya ta bas ka jira su a bakin tafkin Ashi.

Ɗan Gwarzo: In zauna ni kaɗai a tasha, sannan da dare in yi wanka ni kaɗai, in ci abinci daban, to me na je yi kenan? Juma'a ake rufe sunaye. Akwai wanda ya taɓa zuwa Owakudani da asma a nan?