"Mai nema yana tare da samu": har da farin ciki?

Ɗan Rikoto:
Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Na kawo muku wata magana da ta raba kan gidanmu tun ranar Lahadi. Fastonmu a nan Zuru ya yi wa'azi daga Littafin Karin Magana sura 3, aya 13 zuwa 18, inda aka ce mai albarka ne mutumin da ya sami hikima da wanda ya sami fahimi, domin ribarta ta fi ta azurfa, amfaninta kuma ya fi na zinariya. Ya nanata cewa farin ciki ba ya zuwa ya tarar da mutum a zaune, sai ya tashi ya nemi hikimar da take haifar da shi, sannan ya rufe da cewa, "Mai nema yana tare da samu." Da muka koma gida, kawuna ya ce wannan maganar 'yan kasuwa ce, bai kamata a hau da ita bagade ba, domin Hausawan da suka faɗe ta su ne kuma suka ce, "Zafin nema ba ya kawo samu." A ganinsa farin ciki kyautar Allah ce, wanda kuwa ya mai da shi abin farauta ba zai sami kwanciyar rai ba. Babban ɗansa ya mayar masa da zafi, ya ce irin wannan tunani ne ya sa aka cire ƙannensa mata daga makaranta da sunan kowa da rabonsa. Har yanzu gaisuwarsu ba ta koma daidai ba. Shin karin maganar ta dace da nassin, ko kuwa kawu ne yake da gaskiya?

Malamin Firamare, Ribah:
Ɗan'uwa, ina ganin da kawu da ɗansa duk sun tsallake abin da nassin ya faɗa. Ba a ce a nemi farin ciki ba, hikima aka ce a nema, farin cikin kuma ya biyo bayanta. Amma a kan batun nema kansa, fasto bai ƙara gishiri ba ko kaɗan. A duba sura 2, daga aya 3 zuwa 5: an ce ka yi kira ga ganewa, ka ɗaga murya domin fahimi, ka neme ta yadda ake neman azurfa, ka tona yadda ake tonon ɓoyayyiyar dukiya, sa'an nan za ka gane tsoron Ubangiji. Babu ɗaya cikin waɗannan ayyuka da ake yi a kwance. Ko Sulemanu, da Allah ya bayyana gare shi cikin mafarki a Gibeyon ya ce ya roƙi abin da yake so, bai yi shiru ya ce abin da ya zo shi ke nan ba. Ya buɗe baki ya roƙi zuciya mai ganewa domin ya iya rarrabe nagarta da mugunta, aka kuma ƙara masa dukiya da daraja waɗanda bai roƙa ba.

Dattijo Mai Ritaya, Birnin Kebbi:
Malam, na ji bayaninka, amma ka tsaya a sura 3 ta Sarakuna na Fari, ba ka kai sura 11 ba. Sulemanun nan da ya yi karin magana 3,000 shi ne ya tara mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, suka karkatar da zuciyarsa a tsufansa. Littafin Mai Hadishi kuma, sura 1 aya 18, ya faɗa ba ɓoyewa cewa yawan hikima yana tare da yawan ɓacin rai, wanda ya ƙara ilimi ya ƙara baƙin ciki. Ni na yi aikin gwamnati har na ajiye, na zauna da masu manyan digiri waɗanda ba sa iya barci sai da magani, na kuma san manoma a ƙauyenmu da ba su iya rubuta sunansu ba, amma da dare suna kwantawa da rai fari. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Manzo Bulus ma cewa ya yi ya gamsu da kowane halin da yake ciki. Ina tare da kawunka, yaro.

Malamin Firamare, Ribah:
Baba, da girmamawa, a Filibiyawa 4:11 da 12 Bulus ya nuna cewa koyon wannan gamsuwar ya yi, ta hanyar ƙoshi da yunwa, da wadata da rashi. Abin da aka koya kuwa an neme shi. Kuma digiri daban, hikima daban. Manoman da kuka ambata wataƙila sun fi waɗancan masu digirin neman ta.

Maman Tagwaye, Dabai:
Ku yi mini haƙuri, iyayena, zan ba da labarin kakata, domin tun da na fara karanta wannan muhawara ita take faɗo mini a rai.

Lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, babban ɗanta yana cikin samarin ƙasar Zuru da suka shiga soja, kamar yadda kuka sani da wuya a sami gida a nan da bai ba da ɗa ba. Yakan aiko da wasiƙa, wani lokaci da kuɗi. Ita kuwa ba ta san ko harafi ɗaya ba, sai ta ɗauki wasiƙar ta kai wa wani mutum a bakin kasuwa da yake karanta wa mutane, ta ba shi ƙwai ko sisi, shi kuma ya karanta da ƙarfi a gaban duk wanda yake zaune a rumfar. Kafin ta kai gida, kowa ya san abin da ɗanta ya ce mata. Daga baya wani abokin ɗan nata ya zo hutu, ya tambaye ta ko fam uku da aka aiko ya iso, alhali fam ɗaya aka miƙa mata.

Ba ta je ta yi faɗa da mutumin ba. Ta tafi wurin matar mai bishara, wadda take koya wa matan zumunta karatu da yamma, ta ce a sa ta a aji. A lokacin ta haura shekara 50. Facalolinta suka yi ta yi mata dariya, suna cewa furfura da allo ba su dace ba, matar mai bishara kuma ta ce mata gemu ba ya hana ilimi, balle furfura. Mahaifiyata, wadda ita ce autarta, ta ce takan ga tsohuwar a tsugunne gaban murhu tana jiran ruwan tuwon dawa ya tafasa, ta baje toka da tafin hannu, ta rubuta harafi da tsinke, ta shafe, ta sake rubutawa. Bangon rumbunta duk rubutun gawayi ne, har kakanmu ya yi ƙorafin an ɓata masa yaɓe. Damina ta shiga, aikin gona ya hana ta zuwa aji, amma da kaka ta yi sai ta koma.

Wasiƙar farko da ta karanta da kanta ba daga hannun ɗanta ta fito ba. Wani ne ya rubuta a madadinsa daga asibitin sojoji a Kaduna, yana sanar da ita cewa an yanke masa ƙafa. Ta karanta ta ita kaɗai a bayan gida, tana bin layi da yatsa, ta yi kukanta inda ba mai ganinta, ta wanke fuska, ta ba kowa abincin dare, sai da gari ya waye ta kira mijinta da matar ɗan ta faɗa musu a hankali. Daga baya ta sha faɗi cewa ta gode wa Allah da wannan labari bai fito daga bakin wani a tsakiyar kasuwa ba.

Ɗan ya dawo, ya rayu, ya haifi 'ya'ya. Ita kuma ta zama mai karanta wa matan unguwa wasiƙunsu a cikin ɗakinta, ƙofa a rufe, ba ta karɓar ko ƙwai. Har idonta ya dushe tana karanta Littafi Mai Tsarki, tsohuwar fassarar nan ta 1932, kuma ban taɓa sanin mace mai sakin fuska irinta ba. Ban san ko wane ɓangare wannan labari ya goyi baya ba, amma na ga ya kamata ku ji shi.

Dattijo Mai Ritaya, Birnin Kebbi:
'Yata, Allah ya ba kakarki hutawa. Kin ga abin da nake faɗi: ta nemi ilimi, abin da ya fara kawo mata shi ne hawaye. Mai Hadishi bai yi kuskure ba. Sakin fuskar da kika gani a tsufanta daga haƙuri ya fito.

Malamin Firamare, Ribah:
Baba, ƙafar da an yanke ta ko ta iya karatu ko ba ta iya ba. Karatu bai kawo masifar ba, sai dai ya ba ta ikon ɗaukar ta da mutunci, ya kuma rufa asirin mata da yawa bayanta. Aya 17 ta Karin Magana sura 3 ta ce hanyoyin hikima masu daɗi ne, tafarkunta duka salama ne, ba ta ce babu ƙaya a kansu ba.

Sojan Ƙasa, Mahuta:
Ni mutumin bakin kasuwan nan ne ya tsaya mini a rai, wanda ake aiko fam uku ya miƙa ɗaya. Ina ganin jikokinsa ne suka shiga siyasa, domin aikin bai canza ba, kuɗin ne kawai ya ƙaru. Idan ana neman shaidar cewa mai nema yana tare da samu, a dube su: duk shekara huɗu za su shigo da taliya da atamfa, su yi alkawarin gyara hanyar da suka yi alkawarin gyarawa a zaɓen baya, su samu abin da suka zo nema, mu kuma mu ci gaba da tura mota a cikin laka.

Maman Tagwaye, Dabai:
Yaya, ka bar mamaci ya huta, ai shi aƙalla yakan miƙa fam ɗayan.

Mai Wa'azin Matasa, Yelwa:
Tun da an taɓo su, a karanta musu Sarakuna na Fari sura 12. Jama'a suka zo wurin Rehobowam ɗan Sulemanu suna roƙo ya sassauta musu nauyin da ubansa ya ɗora musu. Dattawa suka ba shi shawara ya yi wa mutane magana mai daɗi ya bauta musu, sai ya watsar, ya bi ta samarin da suka tashi tare, ya ce ubansa da bulala ya hore su, shi da kunamai zai hore su. Kabilu goma suka balle. Hikima tana zaune a fadarsa cikin bakin tsofaffi, bai ma sha wahalar tafiya neman ta ba, amma ya ƙi ta. Duk mai riƙe da kujera a yau da ya kewaye kansa da 'yan amshin shata, ya san wanda ya gada.

Maƙwabcinku daga Anka:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, amma ina bin tattaunawarku, kuma mu ma muna da irin wannan muhawara tsakanin nema da tawakkali. A wurinmu an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Abin da ya sa na sa baki shi ne tonon azurfa da Malam ya ambata. A shekarar 2010 mun ga abin da tono yake haifarwa idan babu sani. Farashin zinariya ya tashi, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa kawo duwatsun da suka haƙo cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida inda yara suke rarrafe, ba wanda ya san duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta shiga jikin yara, fiye da 400 suka rasu, har sai da likitocin agaji na MSF suka zo, aka kuma kankare ƙasar gidaje a garuruwa irin su Bagega. Mutanen nan ba malalata ba ne, nema suka yi da dukan ƙarfinsu domin su ciyar da iyali. Saboda haka idan na ji "zafin nema ba ya kawo samu", ba na jin ta a matsayin hujjar zama, ina jin ta a matsayin gargaɗi ga wanda ƙafarsa ta riga hankalinsa.

Malamin Firamare, Ribah:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara wa iyayen yaran nan haƙuri. Abin da ka kawo ya kai ni Littafin Ayuba sura 28. An kwatanta yadda ɗan adam yake haƙa rami nesa da gari, ya shiga cikin duhu, ya fasa duwatsu ya fito da azurfa da zinariya da ƙarfe, sannan aka yi tambaya: amma ina za a sami hikima? Zurfi ya ce ba ta wurinsa, teku ya ce ba ta tare da shi, ba a kuma sayen ta da zinariya. Allah ne ya san hanyarta, ya ce wa mutum tsoron Ubangiji shi ne hikima, rabuwa da mugunta kuma shi ne fahimi.

Dattijo Mai Ritaya, Birnin Kebbi:
To, Malam, da bakinka ka kawo mini hujja. Idan Allah kaɗai ya san hanyarta, ashe ba ta tonuwa da ƙarfin mutum. Yakubu 1:5 ma ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah mai bayarwa hannu sake. Kyauta ce.

Mai Wa'azin Matasa, Yelwa:
Baba, ai roƙo ma nema ne. A Matiyu 7:7 an jera su tare: roƙo, da nema, da ƙwanƙwasa ƙofa.

Maman Tagwaye, Dabai:
Akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓa. An ce an cire 'yan mata daga makaranta da sunan rabo, maza kuma aka bar su suka ci gaba. Ina so in ji daga dattawanmu, me ya sa idan namiji ne sai a tuna da mai nema yana tare da samu, idan mace ce kuma sai a tuna da haƙuri? A Luka sura 10 Maryamu ce ta bar wa 'yar'uwarta Marta aikin ɗakin girki ta zauna tana sauraron koyarwar Yesu, Ubangiji kuma ya ce ba za a ƙwace mata abin da ta zaɓa ba.

Sojan Ƙasa, Mahuta:
'Yar'uwa, ban ƙi taki ba, amma ni kullum ina tausayin Marta a labarin nan. Baƙi sun cika gida, dole wani ya hura wuta. A ƙauyukanmu kuwa yanzu ba rabo ne kaɗai yake hana yara karatu ba. Akwai inda tsoron 'yan bindiga ya sa malamai suka daina zuwa, iyaye kuma suka gudo cikin gari da 'ya'yansu. Yaron da yake kwana a barandar wani, da wace cikin karin maganar biyu za mu je masa? Ina jiran Malam da Baba su ba ni amsa, kowa da ayarsa.