Neman shawara: Ina so gilashin bayan Tacoma ta ya koma na lantarki

Baban Khalifa, Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ina da a-kori-kura Toyota Tacoma ƙirar 2017 mai ƙofa huɗu, tokumbo ce daga Amurka, shekarata biyu da ita. Gilashin bayanta irin mai 'yar taga a tsakiya ne, wadda ake cire wa sakata a tura gefe da hannu. Damuwata ita ce daga kujerar direba hannuna ba ya kai wa. In na ɗauko taki ko masara daga gona, yaran aiki na bodi suna son yi min magana, sai na tsaya na fito na zagaya. Makon jiya ruwa ya tare ni a hanyar Zariya tagar na buɗe, kafin in samu wurin tsayawa kujerar baya ta sha ruwa.

Na ga Tundra ɗin wani abokina, ita ma a-kori-kurar Toyota ce, maɓalli kawai yake dannawa gilashin ya buɗe. Na yi wa wani mai rewaya magana, ya ce zai samo injin winda na ƙaramar mota ya haɗa min da gilashin da ke jiki, kuɗi kaɗan, yini ɗaya. Zuciyata ba ta kwanta ba. Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan aikin? Wace hanya ce ba za ta sa ni da-na-sani ba?

Ɗan Kamasho:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka samu gora mai tsawo ka ɗaura mata ƙugiya, ba batir ba fiyus. In ta lalace ka kora awaki da ita.

Oga Rewaya, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka gode wa Allah da zuciyarka ba ta kwanta ba. Bari in fara da yadda na kamfani yake, sai ka ga inda maganar mutumin naka ta karkace.

Tagar lantarki ta kamfani ba ta da sakata ko kaɗan. A ƙasan ɗan gilashin da ke gudu akwai wani maƙalli da aka manna masa tun daga masana'anta, sai wayoyin ƙarfe biyu irin na birkin keke, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna cikin kube suna gangarawa zuwa wani ƙaramin inji da aka ɗaure a bangon bayan kujera. Injin ya juya gaba, waya ɗaya ta ja ɗaya ta saki, taga ta buɗe. A juya masa wuta, ya koma baya ta rufe. Haƙoran da ke cikin injin irin waɗanda ba sa juyuwa daga waje ne, shi ya sa in taga ta rufe ba mai tura ta da hannu. Injin shi ne sakatar.

To naka gilashin ba shi da maƙallin nan, layin da yake gudu a kai kuma ba shi da hanyar da waya za ta bi. Mutuminka zaɓi biyu gare shi: ya huda gilashi ko ya manna ƙarfe da gam. Hudawa ba ta yiwuwa, domin gilashin baya gasasshe ne, irin wanda in ya fashe yake zubewa kamar tsakuwa. Bakin dirila na shiga ya tarwatse. Mannawa tana yiwuwa, amma injin winda an yi shi ne don ɗaga gilashin ƙofa mai nauyi zuwa sama, ƙarfinsa ya fi ƙarfin 'yar tagar nan nesa ba kusa ba. Duk ranar da tsakuwa ta maƙale a layi, ko dai gam ya saki ko gilashi ya tafi. Sannan dole ya cire sakatarka, don inji ba zai iya buɗe ta ba.

Shawarata, in dai lallai kana so, ka nemi cikakken gilashin baya na lantarki na irin motarka. Tacoma ɗin da aka fara daga 2016 wasunta suna zuwa da shi daga kamfani, saboda haka ba ƙirƙira za a yi ba, musanya ce.

Baban Khalifa:
Oga na gode ƙwarai. To irin na Tundra ɗin abokina fa? Nasa gilashin gaba ɗaya ne yake sauka ƙasa.

Mai Gilashi, Kano:
Alhaji wannan ka cire shi daga ranka. Ita ce Tundra mai babban gida da suke ce wa CrewMax, tun 2007 take zuwa da shi. Gilashin yana nutsewa ne cikin bangon bayan motar kamar na ƙofa, an yi bangon da aljihu da magudanar ruwa saboda haka. Taka ba ta da wannan aljihun. Sai dai a yanka gidan mota, kuma ba mai hankalin da zai yi maka.

Abin da Oga Rewaya ya faɗa shi ne daidai, ni kuma ga nawa ɓangaren, don wahalar aikin a wurinmu take. Tsofaffin a-kori-kura, irin Hilux ɗin da, gilashinsu a cikin roba yake zaune. Igiya kawai muke sa wa a leɓen robar mu ja, cikin rabin awa an gama. Motocin yanzu da baƙin gam na yuretan ake manne gilashin da jikin ƙarfe. Cire shi sai da siririyar waya mai yanka, mutum biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, suna ja a hankali. Mai gaggawa zai fasa tsohon gilashin, alhali in ya fita lafiya kana iya sayar da shi ka rage asara.

Wurin da ake cutar mutane shi ne mayarwa. Ba a kankare tsohon gam har ƙarfe, ana barin ɗan siririn shafe don sabo ya kama shi. Duk inda wuƙa ta karce fenti a shafa masa firaima, in ba haka ba tsatsa za ta ci ƙarƙashin gam, bayan damina biyu ka ji kujera na warin danshi ba ka san ta ina ruwa ke shiga ba. Kada ka yarda a sa maka silikon ɗin da ake liƙe tagar gida ko kwandon wanka da shi. Ba ya riƙe gilashin mota, kuma inda ya taɓa yuretan ba ya kamawa da kyau daga baya. In an manna, a bar motar ta kwana, a sassauta gilashin ƙofa kaɗan don kada iskar buga ƙofa ta tura sabon gilashin waje. Washegari a zuba ruwa da tiyo daga sama, wani na ciki yana dubawa, kafin a mayar da kujera.

Wajen saye, ka leƙa Ƙofar Ruwa a nan Kano ko Panteka a Kaduna, in babu a aika Ladipo a Legas. Ba kaya ne mai yawa ba, sai an yi haƙuri. Ka ce musu kana son gilashi da firam ɗinsa, da inji da wayoyinsa, da ƙarfen da ake ɗaure injin, da maɓalli, da soket ɗin da aka yanko da guntun wayarsa. Kafin ka biya, a jona injin da batir a gabanka, ya buɗe ya rufe sau da yawa. In ka ji yana ƙas-ƙas ko yana tsayawa a tsakiya, wayar ƙarfen ta fara tsinkewa a cikin kube. Ka tafi da lambar jikin motarka da ma'auni, kada ka dogara da "ai duk ɗaya ne".

Malam Direba, Gusau:
Ni na yi irin abin da mai rewayarka ke faɗa, a wata a-kori-kura da nake da ita a da. Ba injin winda aka sa min ba, wani dogon inji ne mai sanda da ke fitowa tana komawa. An manna ƙarfe a gilashi, an ɗaure injin a bayan kujera. Wata huɗu ina ta yi wa mutane burga. Da zafin Afrilu ya zo, na ajiye mota a rana, na dawo na danna sai na ji sanda ta tafi ita kaɗai, gilashi na nan inda yake. Gam ya saki. Ga shi an riga an yar da sakata, sai da tsinken katako nake tokare taga har na sayar da motar. Ban da ƙarar da yake yi a hanyar burji kamar ana gyaran gwangwani.

Injiniya Ƙarami:
Malam Direba, a gaskiya laifin gam ɗin ne da wanda ya manna. In aka samu ɗan ƙarfen alminiyam mai faɗi, aka wanke gilashi aka sa firaima aka manna da yuretan, yana riƙewa. Kamfani ma ai mannawa suke yi. Kuma irin injin mai sanda yana da abin da ke yanke masa wuta in ya kai ƙarshe. Ba kowa ke da kuɗin cikakken gilashi ba.

Oga Rewaya:
Ƙanena, ban ce ba ya yiwuwa ba. Amma wannan injin yana tsayawa ne in ya kai ƙarshen sandarsa, ba in ya haɗu da wani abu a hanya ba. An yi shi don tura abu mai nauyi. Ka sa yatsanka a tagar ka danna, sai ka dawo mu ci gaba da muhawara.

Maman Ilham:
Sallama gare ku. Ni ban san waya ba, amma maganar yatsa ce ta sa na sa baki. Baban Khalifa, kana ɗaukar yara a kujerar baya? Wannan tagar daidai kan yaro take, kuma suna son leƙawa ta nan. Kai kana gaba kana danna maɓalli ba ka ganin wanda ya zura hannu ko wuya. Don Allah duk wanda za a sa, a yi shi yadda ba zai yi aiki ba in an zare makulli, kuma a sa maɓallin inda yaro ba ya kai wa.

Oga Rewaya:
Hajiya ta faɗi abin da ya fi komai. Ga yadda za a ja wutar, Alhaji, ka nuna wa mai rewayarka.

Da farko a cire murfin bangon bayan kujera a duba ko akwai soket da aka naɗe aka bari. Wasu motoci kamfani na sa musu wayar ko da ba a sa na'urar ba, wasu kuma babu. In akwai, aikinka ya ragu da rabi. In babu, a jawo sabuwar waya mai kaurin sukwaya milimita 2.5 daga batir, a sa fiyus kusa da kan batir ɗin, ba can ƙarshen waya ba. Irin wannan inji na bolt 12 yawanci fiyus na amfiya 15 zuwa 20 yake so, amma a auna wutar da yake ja lokacin da taga ta kai ƙarshe ya tokare, don nan ne yake jan mafi yawa. Wayar ta shiga gidan mota ta ramin da ke da roba, ta bi ƙarƙashin robobin dokin ƙofa, kada ta gogi ƙarfe.

Sai rilai biyu masu ƙafa biyar, wato 'yan na'urorin da maɓalli ke sa su jona wuta ko su yanke. Ƙafa mai lamba 30 ta kowanne ta tafi waya ɗaya ta injin. Lamba 87 ta karɓi wuta daga fiyus, 87a ta tafi bodi, wato ƙarfen jikin mota. Lamba 85 da 86 su ne na maɓalli. In ba a danna komai ba, wayoyin injin biyu duk suna bodi, yana tsaye cik. Ka danna gefe ɗaya, rilai ɗaya ya ba shi wuta ya buɗe, ka danna ɗaya gefen ya rufe. Wutar da ke zuwa maɓalli kuwa a ɗauko ta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli. Ka ga an biya wa Hajiya buƙata. Maɓallin ya zama irin wanda ka ɗauke yatsa yake komawa tsakiya da kansa.

Kada a ɗauki wuta daga fitilar ciki ko jar fitilar birki da ke saman gilashi don ita ce kusa. Wayarsu siririya ce, kuma motocin yanzu akwai kwamfutar da ke kula da layukan nan.

Baba Na Gona:
Yaro, ni tambayata daban. Sau nawa za ka buɗe ta? Bayan gidan a-kori-kura iska juyawa take yi ta dawo. Ka buɗe tagar a hanyar gona da hunturu, duk ƙurar da ke bodi da ɓuntun masara a wuyanka za su sauka. In salansa na yoyo, hayaƙin ma ta nan zai shigo, kuma mai kisan ba shi da wari. Ƙurar nan kuma ita ce ajalin wayar injin. Ko ka sa ko ba ka sa ba, ka riƙa wanke layin da ruwan sabulu da tsohon buroshi, ka zaƙule 'yan ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa, ka fesa man silikon. Ban da giris, ban da baƙin mai. Su ne ke haɗuwa da ƙura su zama kwaɓa.

Baban Khalifa:
Baba na ji, kuma na yi. Yau da safe na wanke layin, abin da ya fito ya isa a shuka gyaɗa. Yanzu da yatsa ɗaya tagar ke tafiya. Na kuma cire murfin bayan kujera kamar yadda Oga ya ce, ban ga soket ba, ke nan sai an ja sabuwar waya. Na gaya wa mai rewayata maganar injin winda ta mutu. Na ba wani ɗan'uwa a Kano sallahu ya duba min cikakken gilashin, in an samu mai lafiya a farashin da zan iya sai in kawo motar, in ba a samu ba in haƙura da na hannu. Mai Gilashi, in an samu yanzu a sa, ko in jira ruwa ya ɗauke?

Mai Gilashi:
Danshin iska ba ya hana yuretan kamawa, da shi ma yake bushewa. Abin da ba a so shi ne ruwa ya taɓa ƙarfen ko gilashin lokacin da ake mannawa. In akwai rumfa, ko a tsakiyar Agusta ana yi. Ka sa a ja wayar a gwada injin tukuna gilashin na ƙasa, sannan a yanke tsohon. Kuma ka ce wa ɗan'uwan naka ya naɗo shi a bargo a tsaye, kada ya kwantar da shi a bodin mota.