Ɗiyata ta tambayi baffanta "wa ya gwada?", yanzu gida ya ɗauki zafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ɓoye sunana don Allah. Ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, ɗiyata ta fari shekararta 15, tana aji ɗaya na babbar sakandare. Tun tana ƙarama ba a gaya mata abu ta haɗiye, sai ta ce "don mi?" ko "a ina aka samo?" Ranar Juma'a mun taru gidan surukata, wadda ta yi shekaru tana fama da ciwon suga. Yayan maigidana ya kunna mana wata murya da aka turo mishi a WhatsApp, wani yana cewa a jiƙa wasu saiwoyi a sha kwana bakwai, a ajiye maganin asibiti, an rabu da suga har abada. Kowa na cewa Masha Allah, sai yarinyar nan ta ce, "Baffa, wa ya gwada? Shi mai maganar ma bai faɗi sunanshi ba." Ɗaki ya yi tsit. Baffan ya tashi ya fita, ya ce mun bar boko ya lalata ta. Maigida ya karɓe wayarta, ya ce kada ya sake jin bakinta cikin manya.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tambayar da ta yi ita ce a zuciyata, ni dai na kasa furtawa. Ba na son ta zama marar kunya, kuma wallahi ba na son a kashe mata wannan kaifin tunani. Yaya zan yi?

Wata Hajiya daga Kanwuri:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, yarinya ta yi kuskure, kada ki ɓoye mata. Ba a tanka wa babba cikin taro, balle baffa, wanda uba ne. Ki kai ta da kanki ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Mu da munka tashi gidan yawa, in muna da magana sai mu bi ta wurin inna ko goggo, kuma maganar tana isa inda aka nufa.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Hajiya ta yi gaskiya a kan ladabi, amma ina roƙon a raba abu biyu. Ta ba da haƙuri kan wurin da ta yi maganar da yadda ta yi ta, kada a sa ta ba da haƙuri kan cewa ta yi tunani. Sau nawa Alƙur'ani yake cewa "afala ta'aƙilun", "afala tatafakkarun"? Hankali ni'ima ce da Allah ya fifita ɗan Adam da ita, kuma za a tambaye mu yadda muka yi da shi.

Mu mutanen Sakkwato ba sai mun je nesa neman misali ba. Shehu Usmanu ya bi malaminsa Malam Jibril ɗan Umar har Agadas don karatu, yana girmama shi iyakar girmamawa. Duk da haka, da Malam Jibril ya tafi a kan kafirta masu aikata manyan zunubai, Shehu bai bi shi ba, ya rubuta cewa saɓo ba ya fitar da Musulmi daga addini, kuma bai daina yabon malamin nasa ba. Shi ne kuma ya yi wa malaman zamaninsa faɗa kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A gidansa Nana Asma'u ta tashi, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajoji, wato matan da ta koyar, ƙauyuka suna karantar da mata.

Ki ba ɗiyarki labarin Hubabu ɗan Munzir a yaƙin Badar. Kafin ya kawo shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, sai da ya tambayi Annabi (SAW) ko wannan masauki umarnin Allah ne ko dabarar yaƙi ce. Da aka ce dabara ce, sannan ya faɗi ra'ayinsa, aka kuma karɓa. Irin wannan shigar za ki koya mata.

Ma'aikaciyar jinya:
Ni abin da ya tsaya mini a rai tsohuwar ce. Don Allah kada a bari ta ajiye maganinta. Ciwon suga ana lallaɓa shi ne da magani da kula da abinci da awo, in aka saki sai ya taɓa ido da ƙoda da ƙafa. Kun manta watan Agustan 2014, lokacin Ebola? Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaye Najeriya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Manya da masu digiri suka bi, aka kwantar da mutane asibiti, har aka yi rashi. A gidanmu ƙanena ɗan sakandare ne ya ce a dakata a ji daga bakin likita, muka yi ta mishi tsawa.

Wani uba, Arkilla:
Ni ina da ja kaɗan. Yaran yanzu da yawa sun daina jin maganar iyaye ne kawai suka koma jin maganar TikTok, suna kiran hakan wayewa. Mabiyi ne har yanzu, liman ya canza. Ki gwada ta: abin da take so, ko wanda ƙawarta ta turo mata, shi ma tana cewa "wa ya gwada?" In an kawo mata hujja tana saukowa ta ce na yi kuskure? In haka take, ki riƙe ta da kyau, kin samu. In manya kaɗai take wa tambaya, to gardama ce, a yi mata gyara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Arkilla, na yi ta juya maganarka. Kwanaki ta yi musu da ni kan wani hadisi, ta je ta duba a Arba'una, ta dawo da kanta ta ce ni ce da gaskiya. Jiya da la'asar na kai ta wurin baffanta, ta durƙusa ta ce ya yafe mata magana cikin mutane, tsoron kada wani abu ya sami kakarta ne ya sa. Ya yi shiru, can ya ce Allah ya yi mata albarka. Bai ce ta yi daidai ba, amma ya amince a kai Inna asibiti ranar Litinin a nuna wa likita saiwoyin kafin ta sha. Wayar tana hannun babanta har yanzu, ban san ta inda zan ɓullo mishi ba. Mai dabara ya taimaka min da wannan.