Shin ƙaura nan take ta karya dokar saurin haske a wasan?

Ɗalibi daga Daura:
Assalamu alaikum. A wani wasan kwamfuta da muke bugawa, an shimfiɗa doka cewa babu jirgin da zai wuce haske sauri, amma kuma akwai ƙofar da idan ɗan wasa ya shiga, sai ya ɓullo a wata duniyar nan take. Malamai, wannan ba tufka da warwara ba ce?

Malamin kimiyya, Katsina:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma ka'idar da Einstein ya fitar a 1905 ta nuna cewa ko saƙo ba zai riga haske isa ba. Hasken rana yana ɗaukar fiye da minti 8 kafin ya iso mana, saboda haka wanda ƙofar ta kai wata duniyar cikin ƙiftawar ido ya riga haske, kuma dokar ta karye.

Wani ɗan Ƙofar Soro:
Malam, a gafarce ni, ina da ja. Dokar wasan ta hana gudu ne a cikin sarari, ita kuwa ƙofar tamkar naɗe ƙasa ce, irin wadda ake ba da labarin waliyyai, inda tazarar ce ta gajarta, mutumin bai yi gudu ba.

Malamin kimiyya, Katsina:
Hujjarka ta zauna idan an riga an kai ƙofa ta biyu, wato wadda ake ɓullowa ta cikinta, can da jirgi mai bin dokar. Ɗalibi, wa ya kafa ta a wasan naku?