Shuɗi da rawaya: kore ne ko ruwan toka?

Shugaban aji: Jama'a, aikin Malam dai shi ne kowa ya ɗauki hoton fuskar ɗan ajinsu, ya raba shi gida-gida, ya cike kowane gida da launi ɗaya, wato matsakaicin launukan cikinsa. Ni na ce babu wahala. Ɗebo fentin daidai wa daida, cakuɗa, matsakaici ya fito.

'Yar kwamfuta: Shugaba, ban yarda ba. Ɗankwalin ƙawata akwai gidan da rabinsa shuɗi ne, rabi rawaya. Na sa a manhaja, ruwan toka ta ba ni. A lissafin ja, kore da shuɗi na allo, shuɗi 0, 0, 255 ne, rawaya 255, 255, 0. Haɗa ka raba biyu, kowanne ya dawo wajen 128. Toka ke nan.

Jikan marina: Toka kuma? Haba 'yar'uwa! Zo Ƙofar Mata ki tsoma rawayan ƙyalle a ruwan baba ki ga abin da zai fito. Kore shar. Manhajarki ce ke da matsala.

'Yar kwamfuta: Ai rini ba matsakaici ba ne, Yaya. Ragi ne.

Malam: Ta faɗi gaskiya a nan. Fenti shan haske yake yi. Rawaya ya shanye shuɗin haske, shuɗin fenti ya shanye ja, abin da ya tsira ya dawo ido shi ne kore. Shi ya sa kullum ka ƙara launi, cakuɗin sai ya ƙara dusashewa. Allon waya kuwa haske yake fitarwa, launukan haɗuwa suke yi a ido, ba ragi ba. Tun wajajen 1855 masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya liƙa shuɗi da rawaya a faifai ya juya shi da sauri, kore bai fito ba.

Shugaban aji: Allah gafarta Malam, to da fenti aka ce mu yi aikin, ba da haske ba.

Auta: Ni fata ce ta dame ni. Abokina wankan tarwaɗa ne, goshinsa na ƙyalli fari-fari da ɗan shuɗi, gefen hanci duhu. Na cakuɗa su, sai ga wani abu kamar taɓo.

Malam: Kar ka cakuɗa abin da ke cikin gidan. Ja da baya taku biyar, ka ƙanƙance ido har layukan su narke, launin da ka gani shi za ka haɗa. Fari, rawayan ƙasa, ja da ɗan baƙi sun isa fata. Da su aka san mai zane Anders Zorn na Suwidin.

Jikan marina: Duk da haka, Malam, ni gidan ɗankwalin nan kore zan sa. Toka a kan mace ba ta yi kyau ba.

Malam: Sa, amma ka zana na biyu da toka. Mu rataye su a bango ranar Litinin, aji ya duba daga bakin ƙofa.